Man Birkin Motar Ɗan Ƙanwata

Motar ƙarama ce, fara, mai ƙofa huɗu, ta sha hannu kafin ta zo gare mu. Ɗan ƙanwata ne ya saye ta da abin da ya tara a Kano, inda yake zuwa cin rani yana aikin gini. Ranar da ya shigo da ita Matameye, ƙofar gidana ya fara tsayawa tun bai je wurin uwarsa ba, don ni ne tsohon direban zuriyarmu. Na ja babbar mota daga Kwatano har Agadas. Na zauna Abijan. Na yi ƴan shekaru a wani gareji a Faransa ina miƙa wa Turawa sifana, daga baya na tuƙa wani Balarabe a Jidda, har idona ya fara gazawa na dawo gida.

Ya danna hon, ya leƙo da kai ta taga.

"Kawu, fito ka ga amarya!"

"Amarya ko bazawara?" na ce. "Wannan ai ta ga gidaje."

"Ko ma mece ce, sa mata albarka."

"Sai na ga cikinta tukuna. Buɗe."

Ya ɗaga murfin inji. Ban tsaya kallon injin ba, na nufi ɗan farin gwangwanin roba da ke can kusa da gilashi, ta gefen direba, inda man birki ke zama. Na buɗe. Man ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Kowace ƙasa da yadda take yi da man nan. A garejin da na yi aiki a Faransa, bayan shekara biyu sai a zubar da shi duka a sa sabo, ko da motar ba ta yi wa kowa laifi ba. A Jidda ubangidana yana canja mota tun man bai tsufa ba. A Kano da nan wurinmu, idan ya ragu sai a ƙara, babu mai zubar da abin da bai ƙare ba. A hanyar Agadas kuwa na ga wanda ya kaɗa ruwan sabulu ya zuba don dai ya isa gari na gaba, yana tafe yana salati. Na gaya wa yaron abin da Turawan suka koya mini: man birki yana shan laima daga iska a hankali, idan ruwa ya yi yawa a cikinsa, ranar da birki ya ɗauki zafi sai ruwan ya tafasa ya zama tururi, ka taka feda ta tafi ƙasa kamar ka taka auduga.

Ya yi dariya. "Kawu, a garin da rijiya ke ƙafewa, ina mota za ta samu laima?"

Amma bai yi gardama ba. Yaro ne mai jin magana ko da yana tsokana. Ya je ya sayo sabon mai a rufe, muka zubar da tsohon a ranar, shi yana taka feda ni ina ƙarƙashi.

Daga nan rayuwarsa ta kasu biyu. Da damina yana gida, yana noma, ranakun kasuwa kuma ya ɗauki mutane zuwa Dungu ko Yauri ko Kurni. Idan aka gama girbi sai ya koma Kano wurin ubangidansa na gini. Bai yarda ya ba wani direba motar ba. Sai ya shigar da ita tsakar gidan uwarsa, inda yake zaune da matarsa da ƴaƴansa, ya ɗora ta a kan bulo ƙarƙashin rumfar zana, ya cire batir, ya miƙa wa uwarsa makulli. Idan ya dawo da bazara ya sauke ta, ya duba mai da ruwa, ya duba gwangwanin birki. Ya sha gaya mini cewa motarsa ba ta shan man birki ko kaɗan, kullum a cike yake samunsa. Haka aka yi rani bayan rani.

A bazarar da ya rasu, bai daɗe da dawowa ba. Ranar kasuwar Dungu ce, ana zafi irin wanda tsuntsu ke buɗe baki a kan reshe. Ya ɗebo mutane da buhunan albasa daga can, motar ta cika har ta durƙusa ta baya. Hanyar cike take da ramuka da amalanken shanu, ka taka nan ka saki, ka sake takawa. Sun kusa gari sai ga wani amalanke a gabansa ɗauke da mata. Bai tsaya ba. Ya kauce masa, motar ta faɗa gefen hanya ta wuntsila. Ƙofarsa ta buɗe ta jefar da shi, wuyansa ya karye. Wani dattijo mai albasa ya karye a ƙugu, sauran suka fita da ƙujewa.

Ni na yi masa wanka. Ba zan rubuta wannan ba.

Abin da zan rubuta shi ne maganar da ta biyo baya. Direbobin tasha da suka je ɗauko motar sun tayar da ita, wani ya shiga ya taka birki, feda ta tsaya ƙyam a ƙarƙashin ƙafarsa. Wani ma ya gwada. Suka duba hanya babu alamar jan taya ko taku ɗaya. Sai lissafi ya fito da kansa: birki lafiya, direba bai taka ba, to me ya hana shi? Wasu suka ce barci. Wasu suka ce yaran da ke zuwa aikin gini a Kano ai an san da abin da suke haɗiya don su jure, ƙwaya ce. Wanda ya zauna kusa da shi ya rantse ya ga yana dukan feda da ƙafa, amma aka ce mutumin da ya wuntsila a mota me zai tuna. Tun ana faɗa a tasha har maganar ta shiga wurin ɗibar ruwa, ta shiga makarantar ƴaƴansa.

Ɗan fari ne wurin ƙanwata. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" take cewa tun yana goye. A zaman makoki ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ita ce ma take ba wasu haƙuri. Mace irinta ba ta tashi ta kare ɗanta na fari a bainar jama'a, kunya ba za ta bar ta ba. Don haka bayan sadakar arba'in sai ta zo wurina da hantsi, ta zauna bakin tabarma, ta daɗe tana gyara mayafi.

"Yaya, kai ka san mota."

"Na ɗan sani, Auta."

"Jiya babbar ƴarsa ta dawo daga makaranta ta tambaye ni mene ne ɗan ƙwaya." Ta dube ni. "Mutuwa na karɓa, ta Allah ce. Wannan ce ban iya haɗiyewa. Ka duba motar nan. In shi ne da laifi ka gaya mini, in yi shiru har in mutu. In ba shi ba ne ka wanke shi."

Na ce zan duba.

An jawo motar an mayar da ita ƙarƙashin rumfarta. Rufin ya lotsa, gilashin gaba ya tarwatse, amma ƙasanta bai taɓu ba. Na sayi man birki sabo, na ɗauki jak da sifana da siririn tiyo mai nuna abin da ke cikinsa da kwalba, na tafi da safe. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a kujerar direba, ɗaya a gindin taya. Matar marigayin tana takaba, ba zan shigo da wani namiji gidan ba. Ƙanwata ta ce ita za ta zauna.

"Ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?"

"Ai ba tuƙawa zan yi ba. Na yi daka shekara da shekaru, ƙafa ɗaya ce za ta gagare ni?"

Ta karkaɗe ɓaraguzan gilashi daga kujerar da gefen zaninta, ta zauna inda ɗanta ke zama. Ƙafarta ba ta kai ba, sai da na matso mata da kujerar. Na nuna mata feda ta tsakiya. Na ce idan na ce buga, ki taka ki saki, ki taka ki saki. Idan na ce riƙe, ki danne kada ki ɗaga ko da ta nitse, sai na ce saki. Na juya zan nuna mata inda ake ja murfin inji ya buɗe, sai na ji ƙas, ta riga ta ja.

"A'a, ashe an waye."

"Ka raina ni ne, Yaya."

Ban kawo komai a raina ba.

Ana farawa ne daga tayar da ta fi nisa da gwangwanin, ta baya ta dama. Na ɗaga motar, na cire tayar, na sa tiyo a kan ɗan ƙaramin noti da ke bayan birkin, ɗaya bakin a cikin kwalba. Gwiwoyina ba su son durƙuso yanzu, sai na shimfiɗa buhu na kwanta.

"Buga!"

Na ji ƙarar fedar, ƙif, ƙif, ƙif.

"Riƙe!"

"Na riƙe."

Na sassauta notin. Abin da ya biyo tiyon ba shi da kamar man da muka zuba da hannunmu. Man birki mai kyau garau yake, da ɗan launin zuma, da santsi tsakanin yatsu. Wannan tsararo ne, gurɓatacce, da jan tsatsa a ciki kamar ruwan kududdufi. Na ɗaure notin.

"Saki. Buga kuma."

"Yaya, ta tafi ƙasa fa ɗazu."

"Haka ake so. Buga."

Muka yi ta yi. Lokaci lokaci in tashi in ƙara sabon mai a gwangwanin don kada ya ƙafe iska ta shiga. Ta fara gajiya ta ce wannan ya fi surfe wuya. Na ce mata a Faransa inji ne ke yin aikinta. Ta ce to a aiko mata da albashin injin. Rabon da in ji ta yi wasa tun kafin rasuwar.

Da na zo tayar gaba ta dama sai na ga sauran labarin. Ƙarfen da ke tura birki ya yi tsatsa ya maƙale, ba ya komawa baya idan an saki feda. Wato tun daga Dungu birkin wannan tayar yana goga, ko an taka ko ba a taka ba. Faifan birkin ya ƙone har ya yi shuɗi. Ga kaya, ga zafin rana, ga ramuka, ga mai da ya zama rabi ruwa. Ya tafasa. Yaron ya taka bai sami komai a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Kafin direbobin tasha su iso motar ta huce, tururin ya koma ruwa, feda ta dawo da ƙarfinta kamar ba ita ba. Na taɓa ganin haka a gangaren wani dutse a arewacin Benin, da wata babbar mota ɗauke da siminti.

Na fito daga ƙarƙashin motar.

"Auta. Yaron nan bai yi barci ba, bai sha komai ba. Birki ne ya yaudare shi. Ya taka. Da bai kauce ba da matan amalanken nan ne aka binne."

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta ɗora goshinta a kai. Kafaɗunta suka fara girgiza, babu sauti. Can ta ɗago ta ce Alhamdu lillahi, ta maimaita, ta maimaita. Ta ƙwala wa surukarta kira ta cikin labule: "Kin ji? Kin ji abin da Kawunku ya ce?" Daga cikin ɗakin na ji kukan yarinyar.

Ban riga na ce komai game da ruwa ba. Ina tsaye da kwalbar ina juya ta a rana, ina tambayar kaina ta ina wannan ruwa mai yawa ya shiga, don laimar iska ba ta yin haka ko a Abijan da bango ke gumi. Sai aka yi sallama. Wata maƙwabciya ce, da ƴar ƙaramar jikarta, kan yarinyar duk makero, gashi ya zube wuri wuri. Ta gaishe ni, ta yi mana gaisuwar rashi, sannan ta dubi ƙanwata.

"Na hango an buɗe motar ne, na ce ko da sauran man nan. Kin ga kan ya sake tashi."

"Kin zo a sa'a," in ji ƙanwata tana share fuska. "Ga Yaya nan yana zubar da tsoho. Kawo gwangwaninki."

Na san ana shafa man birki a kan makero da kirci. Na gani a Kano, na gani a Kwatano, har a tashar Agadas na ga direba yana ɗiga shi a kan ciwo. Ba magani ba ne, yana ƙona fata, amma mutane sun yarda da shi. Na ce wa matar wannan ya lalace, ta kai yarinyar asibiti akwai man shafawa na makero. Ta tafi ba ta ji daɗi ba. Na juya wurin ƙanwata, na yi ƙoƙari muryata ta fito daidai.

"Dama kina ba su ne?"

"Idan ya tafi cin rani. Yaran unguwar nan da sanyi duk kansu tashi yake. Mota na zaune ba ta komai, a hana yara? Da sirinji nake zuƙa, kaɗan kaɗan."

"Shi ya sani?"

"Me zan gaya masa? Ai ban taɓa barinsa da rashi ba. Duk abin da na ɗiba sai na cika masa har wuya."

"Da me?"

"Da ruwa mana. Na randa, mai sanyi, sai na tace da ƙyalle ma. Na ga shi ma ruwa yake zuba mata ta gaba idan ta ji ƙishi." Ta gyara zama a kujerar. "Saura taya nawa, Yaya? Mu gama ka je tasha ka gaya musu tun ba su watse ba."

Na ce saura ɗaya. Na koma ƙarƙashin motar, don nan ne kaɗai ba za ta ga fuskata ba. Na kwanta a kan buhun ina kallon ƙarfe. Ina jin ƙafarta a sama tana jira.

"Yaya? In buga?"

"Buga."

Na iya Faransanci, na iya Larabci na kasuwa, ina jin Zabarmanci da Barbarci, na taɓa yi wa mutane tafinta a kan iyaka. Ina kwance a nan na nemi yadda zan faɗi wannan magana a kowane harshen da na sani, ban samu ba.

Da la'asar na je tasha da kwalbar da faifan da ƙarfen da ya maƙale. Sarkin tasha tsohon abokina ne, mun yi hanyar Kwatano tare. Ya tara direbobi a rumfar mai shayi. Na nuna musu faifan da ya ƙone, na bayyana yadda feda ke mutuwa da zafi ta farfaɗo da sanyi. Na ɗiga abin kwalbar a kan murfin tukunyar mai shayi mai zafi, ya yi cuuu ya yi tsalle kamar ruwa a kasko. Wanda ya fara taka fedar a ranar hatsarin ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya gafarta mana.

"To Alhaji, ta ina ruwan ya shiga?" in ji wani.

Na ce man birki yana shan laima da kansa idan ya daɗe. Gaskiya ce, amma ba ita ce amsar tambayarsa ba.

Sarkin tasha ya karɓi kwalbar ya girgiza, ya dube ni ta saman tabarau. "Wannan ba laima ba ce, mutumina. Wannan zubawa aka yi."

Na ce ni dai abin da na gani ke nan. Na karɓi kwalbata na tafi.

Maganar ƙwaya ta mutu a ranar, wata ta tashi a madadinta. Tunda zubawa aka yi, wa zai zuba in ba mai mota ba? Aka ce rowa ce. Aka ce ya ƙi sayen mai ya riƙa sirkawa da ruwa, ya ɗauki rayukan mutane a kan haka. Dangin dattijon nan mai albasa, wanda har lokacin yake kwance, suka ce gara ma a ce barci ne, barci ba da gangan ake yi ba. Na so in wanke yaron, na ƙara masa wani dattin.

Ba a daɗe ba ƙanwata ta zo gidana. Da sassafe ne, ina shan koko a zaure. Ba ta zauna ba.

"Yaya, ruwan da ake faɗa."

"Zauna, Auta."

"Ba zama ya kawo ni ba. An ce ka ɗiga shi a kan murfin tukunya ya yi tsalle. An ce ruwa ne ya tafasa ya kashe birkin." Idonta a kaina. "Wane ruwa ne?"

"Man yana shan laima da—"

"Kada ka yi mini Faransanci. Ni da kai nono ɗaya muka sha. Wane ruwa ne?"

Na ajiye kofin. Na sunkuyar da kai. Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa farashin abu a kasuwa.

"Tun ranar ka sani."

"Na sani."

"Ka bar ni ina ta buga maka."

"Ba ki sani ba, Auta. Alheri kika yi niyya. Allah ya ga zuciyarki, kuma kwanansa ne ya ƙare."

"Kwanansa ya ƙare, na yarda. Amma ba shi ya zuba ba." Ta ja mayafinta ta rufe kai sosai. "Tashi ka raka ni tasha."

Na ce ta bari ni in je in faɗa, ko a samu malam ya faɗa a masallaci ba tare da an ambaci kowa ba. Ta ce idan ba a ambaci kowa ba, shi za a ci gaba da ambata. Ta ce kuma akwai gidaje biyu a unguwarsu da ake ajiye mota da rani, kuma a wurinta matan suka koyi cikawa.

Muka tafi a ƙafa. Tana gaba ina baya, ita da ba ta taɓa wuce ni a hanya ba. Tasha ta cika, ana lodin Zinder, masu kiran fasinja suna ihu. Ta tsaya a bakin rumfar mai shayi, tsohuwa ita kaɗai a cikin maza. Sarkin tasha ya miƙe da sauri ya ce, "Hajiya, lafiya? Da kin aiko ai." Ta gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ta faɗa, da murya daidai, ba ta ɗaga ba ba ta kuma ɓoye ba. Ta faɗi sirinji, ta faɗi randa, ta faɗi ƙyallen tacewa. Ta ce yaron nan bai taɓa sani ba, yana dawowa ya ga gwangwani a cike ya gode Allah. Ta ce duk mai magana a kansa ya dawo da ita kanta, tana gida, ba ta zuwa ko'ina. Ta ce wanda ke ajiye mota wurin uwarsa ko matarsa ya je ya tambaya yau.

Mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Wani matashin direba ya tashi ba sallama ya hau babur ya nufi unguwarsu. Sarkin tasha ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Allah ya jiƙansa, Hajiya. Mun zalunce shi." Ta ce amin, ta juya.

A hanyar dawowa ta shiga gidajen nan biyu, ina jiranta a waje. Washegari ta sa na kai ta wurin dattijon mai albasa, ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa ta faɗa masa. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Matarsa ta kau da kai.

Wadda ta rage ita ce ta cikin gida. Surukarta ta ji tun kafin mu dawo daga tasha, irin wannan magana ba ta jiran mai ita. Yarinyar kirki ce. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta faɗi kalma ɗaya marar daɗi ba. Ta ci gaba da kawo mata abinci tana durƙusawa, tana ce mata Inna. Sai dai da can a kwano ɗaya suke ci, yanzu ta ajiye ta koma ɗaki. Idan ƙaramin yaron ya yi zazzaɓi ba ta kawo shi a duba, ita da komai sai ta tambayi Inna. Da ta fita takaba mahaifinta ya zo daga Kurni, aka yi magana cikin mutunci, ta tafi da yaran. An ce za su riƙa zuwa da hutu. Sun zo sau ɗaya.

Motar an gyara rufinta an sayar wa wani mutumin Magarya, aka ajiye wa marayu abinsu. Kafin ya tafi da ita na canja ƙarfen da ya maƙale, na sake wanke hanyoyin man gaba ɗaya, na gaya masa bayan shekara biyu ya zubar ya sa sabo, kuma kada ya yarda kowa ya buɗe gwangwanin sai shi. Ya ce to, Alhaji, da irin muryar da ake amsa wa tsofaffi.

Ƙanwata tana nan ita kaɗai a gidan. Ta rame, zanin da take ɗaurawa sau ɗaya yanzu yana zagaye ta har ya yi saura. Mata ba su daina shiga wurinta ba, amma ta daina ba kowa ko da jiƙon sabara. Kullum da hantsi nakan je in zauna a kan turmi, ita a bakin ƙofar ɗakinta, mu gaisa, in ba ta labarin gari. Wani lokaci in ba ta labarin Jidda ko na teku don in ga ko za ta yi murmushi. Takan saurara. Idan na tashi tafiya takan rako ni har zaure, abin da ba ta yi da.

Ranar Juma'ar da ta wuce, a zauren, ta riƙe bakin rigata.

"Kana bi ta tasha?"

"Ina bi."

"Sun daina faɗa a kansa, ko?"

"Sun daina, Auta. Yanzu cewa suke ya ceci matan amalanke."

Ta saki rigar. Ta ce, "To." Ta koma ciki, na ji tana jan ƙyauren.